Tarihin Magabata: Mai Idris Alauma, Sarkin da Ya Tafi Hajji Daga Bakin Komadugu

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya wajabta ziyarar Ɗakinsa a kan duk wanda ya sami iko. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, watan Zulhajji ya gabato, maniyyata suna ta shiri, yara kuwa suna ta tambayarmu labarin Makka. Da yawa daga cikinsu an haife su ne bayan shekarar 2015, lokacin da aka kai hari Boso da Difa, saboda haka abin da suka sani game da Komadugu shi ne tsoro da gudun hijira. Haƙƙi ne a kanmu mu sanar da su cewa a bakin wannan kogi sarakuna suka ɗaura niyyar aikin hajji. Don haka muka zaɓi tarihin ɗayansu, wato Mai Idris ɗan Ali, wanda aka fi sani da Alauma.

Fadar kakanninsa tana Birnin Gazargamu, wanda Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarni na 15 kusa da Komadugu. Kufansa yana nan har yau a ƙasar Gaidam, daf da iyakarmu. Mahaifin Idris bai daɗe bisa gadon sarauta ba ya rasu, ya bar shi yana yaro. Ashe babban sarkin nan da maraici ya fara, kamar yaran da muke gani a sahun masallatanmu.

Ya hau sarautar Barno wajen shekarar 1564. Ya sami ƙasa cikin fitina, hanyoyi babu aminci, sai ya kafa sansani kusa da Damasak, garin da duk mutumin Difa ya sani. Limaminsa, Ahmadu ibn Furtuwa, shi ya rubuta tarihin shekaru goma sha biyun farko na mulkinsa a 1576, sa'an nan ya rubuta na yaƙe-yaƙen Kanem a 1578. Ta hannun wannan malami mafi yawan labarinsa ya iso gare mu.

Hajji gado ne a gidansu. Tun ƙarni na 12 Mai Dunama ɗan Hume ya sauke farali, ya sake komawa, a tafiya ta uku ya nutse a Bahar Maliya. A ƙarni na 13 mutanen Kanem suka kafa makaranta da masauki a Masar domin ɗalibansu da alhazansu. Wajen shekarar 1571 Mai Idris ya bi sawunsu. Ayarin Barno a wancan zamani yakan yi arewa ne bisa raƙuma, ta Bilma da Kawar da Fezzan, ya faɗa Masar, sa'an nan ya gangara ƙasar Hijaz. Tafiyar watanni ce cikin ƙishirwa da guguwar rairayi, ga ƴan fashi. Ya yi hajjinsa, ya ziyarci Madina, kuma ya tanadi masauki a Makka domin alhazan ƙasarsa da za su zo bayansa.

Ayyukan da ya yi wa ƙasarsa su ne darasinmu. Ya sami masallatai na zana da ciyawa, ya gina su da tubali. Ya mayar da shari'a hannun alƙalai masu ilimi. Ya daidaita mudu a kasuwa don kada a cuci mai saye ko mai sayarwa. Ya ga yadda ƙetare Komadugu cikin ƙananan kwale-kwale yake wahalar da jama'a, sai ya sa aka sassaƙa manyan jirage masu ɗaukar mutane da kaya da yawa. Ya kuma aika jakadu zuwa ga Sarkin Musulmi Murad na Uku a Istanbul, yana neman a tsare lafiyar alhazai da fatake a hanya, aka mayar masa da amsa a 1577. Ya rasu wajen shekarar 1596, aka binne shi kusa da tabkin Alau, kudu da Maiduguri ta yau, daga nan laƙabinsa ya samo asali. Allah ya jiƙansa.

To, ya iyaye da malaman makarantun allo, ga abin da muke nema gare ku a kwanaki goman farko na Zulhajji. Ku tara yara bayan la'asar, ku zana musu hanyar ayari a ƙasa, daga Gazargamu har Makka, kowane yaro ya riƙe sunan zango ɗaya. Ku koya musu kwanakin aikin: ranar 8 alhazai suna Mina, ranar 9 suna tsayuwar Arfa, su kwana Muzdalifa, ranar 10 su yi jifa da yanka. Wanda ya tasa cikinsu ya gwada azumin Arfa tare da mu. Ku bar su su yi wa ragon layya hidima, su ɗaga murya da kabbara, kuma su kai nama da hannunsu gidajen marayu da ƴan gudun hijira.

Idan alhazai sun dawo, ku je barka da yaranku. Bayan dabino da zamzam, su ji daga bakin alhaji wane alheri ya ƙudura zai yi wa unguwarsa, domin su gane tun suna ƙanana cewa ana ganin alamar hajji karɓaɓɓe a aikin mutum bayan dawowarsa.

Allah ya kai alhazanmu lafiya, ya dawo da su lafiya, ya mayar da aminci a bakin Komadugu, ya nufi ƴaƴanmu da ziyarar Ɗakinsa. Amin.