Olabisi Ajala, Wanda Ya Ƙure Keke

Duk ɗan Arewa mazaunin Ikko ko Badun, ko daga Kafanchan ya fito ko Zonkwa ko Kagoro, ya taɓa jin Yarabawa suna kiran mai yawan yawo da sunan Ajala. To, sunan na mutum ne, watau Moshood Olabisi Ajala.

A ƙasar Gana aka haife shi, amma iyayensa 'yan Nijeriya ne. Ya yi makaranta a Ikko da Badun, sa'an nan ya tafi Amurka neman ilmi. Ran 12 ga Yuni 1952 ya hau keke daga birnin Chicago, sanye da babbar riga da hula, ya nufi Los Angeles. Tafiyar mil 2,280 ce, watau ta fi nisan Ikko zuwa Kano a jirgin ƙasa har sau uku. Cikin kwana 28 ya cinye ta, wajen mil 80 ke nan kowace rana. Wanda ya taɓa hawa tudu da keke da rana tsaka ya san wannan ba wasan yara ba ne. Yana tafe yana tsayawa a garuruwa yana yi wa Amurkawa lacca, don su san mutanen Afirka ba tsirara suke yawo ba.

Amma fa ba a raba shi da rigima. A 1953 kotu ta kama shi da laifin cekin banki na jabu, aka ce a kore shi daga ƙasar. Sai gogan naka ya haye dogon ƙarfen rediyo, ya ƙi saukowa.

Daga 1957 ya koma kan babur Vespa, ya shiga duniya. Ya ga Nasser na Masar, da Nehru na Indiya, da Khrushchev na Rasha. Inda ya fi sai da rai shi ne Birnin Ƙudus, lokacin garin yana rabe tsakanin Jodan da Isra'ila, inda ya ratsa iyakar a kan babur ɗinsa, ga sojoji ta kowane gefe. Labarin tafiyar yana cikin littafinsa, An African Abroad, na 1963.

Mawaƙi Ebenezer Obey ya sa shi a waƙa, sunansa ya cika Kudu. Duk da haka ƙarshensa bai yi daɗi ba: ciwon shanyewar jiki ya kwantar da shi, ga babu. Ya rasu a Ikko ran 2 ga Fabrairu 1999.