Abu Raihana Albairuni, Malamin da ya Auna Duniya domin Neman Alƙibla

 

Watan da muke fita dubansa a ƙarshen Sha'aban fuska guda yake nuna mana kullum, ɗaya fuskar tana ɓoye ga mutanen ƙasa. Sai a shekarar 1959 kumbon Luna 3 na Tarayyar Sobiyet ya zagaya bayansa ya ɗauko hotonta. A 1970 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta raɗa wa ramukan wannan fuska sunaye, aka ba wani rami mai faɗin kusan kilomita 80 sunan Albairuni. Waɗanda suka raɗa sunan sun san mai shi sarai. Mu kuwa da muka tashi a madarasa, da yawanmu mun sauke littattafai ba mu taɓa jin an ambace shi ba, alhali alƙiblar da muke fuskanta sau biyar a yini tana cikin manyan abubuwan da ya ƙarar da ƙarfinsa a kansu.

Sunansa Muhammadu ɗan Ahmadu, alkunyarsa Abu Raihana. An haife shi a shekara ta 362 bayan Hijira, watau 973 ta Miladiyya, a bayan birnin Kas, hedkwatar ƙasar Huwarizim, bakin kogin Jaihun, cikin yankin da ake kira Uzbekistan a yau. Galibin malamai suna ganin laƙabin nasa ya fito ne daga kalmar Farisanci mai nufin wajen gari. Wani ɗan sarautar ƙasar, Abu Nasri Mansur, wanda shi ma gwani ne a hisabi, shi ya ɗauke shi ya karantar da shi. Yana ɗan shekara 17 ya auna tsayin rana a lokacin zawali, ya fitar da nisan garinsu daga layin da ya raba duniya biyu, abin da malaman falaki suke kira arlul baladi.

A 995 yaƙi ya ci gidan sarautar da ta rene shi, ya bar kayan awonsa ya gudu. Ya zauna a Rayyu, kusa da Tehran ta yau, cikin talauci mai tsanani. Da ƙura ta lafa ya koma gida, a nan ne ya yi wani aiki da ya kamata mu tsaya a kansa. Ya yi alkawari ta wasiƙa da Abul Wafa'i Albuzajani, dattijon masana hisabi na Bagadaza, cewa su duka biyu za su tsare husufin watan da lissafi ya nuna zai auku ranar 24 ga Mayu 997. Husufi abu ne da yake faruwa lokaci guda ga duk mai ganin wata, amma sa'ar kowane gari daban take, gwargwadon yadda yake gabas ko yamma. Kowanensu ya rubuta sa'ar garinsa, aka gwama, bambancin ya zo kimanin sa'a guda, watau daraja 15 cikin 360 na zagayen duniya. Mutum biyu, babu tarho babu agogon hannu, sun mai da wata ma'aunin tazarar da ke tsakanin birane biyu.

Daga nan ya yi zaman fadoji. A Jurjan, wajajen shekarar 1000, ya wallafa Al'asarul Baƙiya kan kalandun al'ummai da idodinsu. Ya yi musayar wasiƙu masu zafi da Ibnu Sina kan halittar sammai da haske. A 1017 Sarki Mahmudu na Gazna ya ci Huwarizim da yaƙi, ya kwashe malamanta zuwa birninsa da ke Afganistan ta yau, Albairuni yana cikinsu, kuma ba da son ransa ba.

A Gazna ne matsalar alƙibla ta tsaya masa a rai. Mutumin da ke Makka yana ganin Ka'aba da idonsa. Wanda ke nesa da watanni na tafiya fa? Duniya a dunƙule take, don haka hanyar ayari ba ita ce madaidaiciyar fuska ba. Sai an san matsayin garin mutum da matsayin Makka a bayan ƙasa, kudu da arewa, gabas da yamma, kana a yi hisabin kusurwoyi. Mayar da tafiyar ayari zuwa darajoji kuwa yana bukatar sanin girman duniya kanta. Halifa Ma'amun ya taɓa aika masana sararin Sinjar wajajen 830, suka yi ta tafiya da igiyoyi suna awo har suka sami tsawon daraja guda mil 56 da kashi biyu cikin uku, da mil na Larabawa. Albairuni ya so ya maimaita wannan aiki tun yana yankin Jurjan, bai sami mataimaka ba.

Sai Allah ya kai shi ganuwar Nandana, cikin ƙasar Fakistan ta yau, inda dutse yake kallon wani fili shimfiɗaɗɗe har iyakar gani. Duk wanda ya taɓa hawa duwatsun Damagaram ya san cewa gwargwadon hawanka gwargwadon nisan ganinka, kuma inda sama take haɗuwa da ƙasa yakan sunkuya kaɗan ƙasa da daidai idonka. Wannan sunkuyawa ta dogara ga abu biyu, tsawon dutsen da girman duniya. In an san biyu cikin ukun, hisabi yakan fitar da na uku. Ya fara auna dutsen daga fili, ya same shi zira'i 652 da ɗan ɗori. Ya hau ƙololuwarsa da ma'auninsa, ya sami sunkuyawar daƙiƙa 34, watau rabin daraja da kaɗan. Da waɗannan lambobi biyu ya fitar da tazarar da ke tsakanin tsakiyar duniya da bayanta. In an juya zira'insa zuwa awon zamani yadda aka saba juyawa, yakan ba da kimanin kilomita 6,340. Taurarin ɗan'adam sun ba da matsakaicin kilomita 6,371.

A nan sai mu yi adalci, domin masu son yabo sukan wuce gona da iri. Iska tana karkatar da haske a iyakar gani, kuma kuskuren daƙiƙa ɗaya a irin wannan awo yana sauya sakamako da ɗaruruwan kilomita, saboda haka kusancin lambarsa da ta yau akwai dace a cikinsa. Shi kansa bai yi alfahari da ita ba. Da ya ga ta yi kusa da ta mutanen Ma'amun, sai ya riƙe tasu a hisabinsa, bisa hujjar cewa kayan awonsu sun fi nasa inganci. A ganinmu wannan halin ya fi lambar daraja. A 416 bayan Hijira, watau 1025, ya kammala littafinsa Tahdidu Nihayatil Amakin, wanda ya bi matsayin birane ɗaya bayan ɗaya daga Bagadaza har Gazna, ya rufe da fitar da alƙiblar Gazna, har da hanya mai sauƙi da magina za su iya bi.

Abin ya shafe mu. A harshenmu mukan ce mutum ya fuskanci gabas in ya tsaya salla, amma daga Maraɗi ko Damagaram ko Yamai Makka ba gabas sak take ba, ta karkata arewa da daraja 18 zuwa 19. Malamanmu na Malikiyya sun sauƙaƙa wa na nesa, fuskantar jiha ta isar masa, ba mu ce sallar kowa ta ɓaci ba. Sai dai wanda zai aza harsashin sabon masallaci ba shi da uzuri in ya bar abin da ya fi daidai alhali yana hannunsa. Ranakun 27 ko 28 ga Mayu, wajen ƙarfe 10 da minti 18 na safe agogon Nijar, da 15 ko 16 ga Yuli, wajen 10 da minti 27, rana takan tsaya bisa Ka'aba. Wanda ya fuskanci rana a wannan lokaci ya fuskanci alƙibla, kuma sanda da inuwarta sun isa shata layin sahu.

Hakanan ya yi littafi sukutum kan inuwa, ya yi bayanin fitar da lokacin azahar da la'asar da ita. Ya ba da labarin wani malami da ya ƙi karɓar na'urar sanin lokutan salla don an rubuta sunayen watannin Rumawa a jikinta, wai koyi ne da kafirai. Albairuni ya tuna masa cewa Rumawa suna cin abinci kuma, sai ya bar ci in gudun koyi yake yi. Lokutan salla da rana suke tafiya, ba makawa a lissafa su da watannin rana.

Zamansa kusa da Indiya ya sa ya koyi harshen Sansikirit yana da shekara arba'in da ɗoriya, ya rubuta Tahƙiƙu ma lil Hindi wajajen 1030, yana kawo maganar mutanen kamar yadda suke faɗinta. Bai ɓoye cewa hare-haren Mahmudu sun rushe arzikin ƙasar sun shuka ƙiyayya ba. A cikinsa ne ya lura da cewa duwatsun da ake tonowa a filayen Indiya mulmulallu ne, manya kusa da tsaunuka, ƙanana in an yi nisa, yashi zalla kusa da teku, ya ce wannan fili teku ne a dā, koguna suka cike shi da abin da suke ɗaukowa. Ƙwaryar dodon koɗi da ake samu cikin rijiyoyin hamada ita ma ta sa ya hukunta cewa tudu yakan zama teku, teku ya zama tudu, cikin zamuna masu tsawo. Ya tattauna ra'ayin masu cewa duniya tana juyawa, ya yarda cewa hisabin falaki yana tafiya da kowane ɗaya cikin ra'ayoyin biyu, amma ya tsaya kan cewa a tsaye take. A nan bai dace ba.

Kada kuma a ruɗe tsakanin falaki da duba. Gaskiya ne ya rubuta Attafhim, wanda ya ƙunshi ƙa'idojin masu duba da taurari, domin sarakunan zamanin ba sa rabuwa da su, amma ya nuna a wurare da dama cewa bai ɗauki hukuncinsu da wani nauyi ba. Babban aikinsa na falaki shi ne Alƙanunul Mas'udi, da ya sadaukar ga Sarki Mas'udu ɗan Mahmudu. An ruwaito cewa sarkin ya aika masa da azurfa kayan giwa guda, ya mayar da ita baitulmali. Littattafansa sun haura 140, har da na duwatsu masu daraja da na magunguna, amma ashirin da ƴan kai ne suka iso gare mu.

Ya tsufa a Gazna, ganinsa da jinsa suka raunana, yana aiki da taimakon wani. Mashahurin zance shi ne ya yi wafati a 440 bayan Hijira, watau 1048, wasu masu bincike kuwa suna kai shi bayan 1050. Yaƙutu Alhamawi ya kawo a Mu'ujamul Udaba'i cewa wani faƙihi abokinsa ya shiga gaishe shi yana gargarar mutuwa, sai Albairuni ya tambaye shi wata mas'ala ta rabon gado da suka taɓa tattaunawa, game da kakanni mata na wajen uwa. Faƙihin ya ji tausayinsa, ya nuna masa cewa wannan ba lokacin tambaya ba ne. Shi kuwa ya nace, a kan ya fi son ya bar duniya yana sane da mas'alar da ya bar ta yana jahiltarta. Faƙihin ya warware masa ita, ya maimaita har ya riƙe. Mutumin ya yi sallama ya fita, bai yi nisa a kan hanya ba ya ji kuka ya tashi daga gidan. Allah ya jiƙansa da rahama.