Walt Disney, Mai Zanen Ɓera

Da wuya a sami ɗalibi a kwalejin nan wanda bai taɓa ganin ɓeran nan mai faffaɗan kunne da ake kira Mickey Mouse ba. To, ga labarin mutumin da ya ƙago shi.

An haifi Walt Disney a birnin Shikago na Amurka ran 5 ga Disamba, 1901. Iyayensa ba masu hali ba ne. Ya yi ƙuruciyarsa a gona, inda ya fara zanen dabbobi. Kamfaninsa na farko ya karye a 1923, amma bai karai ba. Ya koma Holiwud, shi da wansa Roy suka kafa wani. A 1928 Mickey ya fito a majigi, har da sauti, daga nan sunan Disney ya zaga duniya.

A 1941 gwamnatin Amurka ta aike shi Amurka ta Kudu don ƙulla zumunci. Ya tafi da masu zanensa, suka yi makonni suna duba tufafin mutane da kiɗansu da rawarsu, don gani ya kori ji. Bayan tafiyar nan aka zana wani aku ɗan Birazil, José Carioca, da zakaran Meziko, Panchito, suka zama abokan agwagwan nan Donald.

A 1955 ya buɗe filin wasa na Disneyland a Kalifoniya. Ya raba shi unguwa-unguwa: ta tatsuniya, ta makiyayan da, ta daji, da ta zamani mai zuwa, kowace da irin gininta da suturarta. Amma a unguwar daji aikin bai yi kyau ba. An kakkafa mutum-mutumin mutanen Afirka riƙe da masu, kamar ba su san kome ba sai kai hari. Sai a 2021 aka kawar da su.

Disney ya rasu ran 15 ga Disamba, 1966, da ciwon daji na huhu, yana da shekara 65.

Magadansa sun buɗe wani fili a Fulorida a 1982, mai suna Epcot. Yau akwai unguwannin ƙasashe 11 kewaye da wani tafki a cikinsa. Ta Maroko ma, Sarki Hassan na Biyu ne ya aika da magina suka yi mata ado. Da fari ba a kawo su Mickey ba, don a bar kowace ƙasa ta nuna kanta. Daga baya aka sake shawara. A 2007 Donald da abokansa suka shiga unguwar Meziko. A 2014 aka kawar da yawon jirgin ruwa mai ba da labarin Norwe, a 2016 aka maye gurbinsa da na Frozen. A 2021 ɓeran nan mai girki, Remy, ya shiga ta Faransa.

Nan gardama ta tashi. Wasu suka ce zane ne ke jawo yara, in ba shi ba su leƙa ba. Wasu suka ce labarin Remy dai a Faris ya faru, amma masarautar Frozen ƙagagga ce, babu ta a taswira, ko da yake daga Norwe aka kwaikwayo ta. Kada baƙo ya kori mai gida.

'Yan'uwa, mu da za mu riƙe alli gobe, maganar nan ta shafe mu. Ba laifi mu jawo hankalin yara da Gizo da Ƙoƙi. Amma in za mu koya musu labarin wasu mutane, mu bincika tukuna yadda Disney ya yi a 1941, kada mu zana su da ka, yadda aka yi mana a unguwar daji. Allah ya sa mu dace.