Erwin Raisz: Mutumin da ya mayar da jihohin Amurka akwatuna a kan taswira

A shekarar 1934, wani malamin zanen taswira a jami'ar Harvard ya fitar da taswirar Amurka wadda babu lanƙwasar kogi ko ta gaɓar teku a cikinta. Kowace jiha ya zana ta kamar akwati mai kusurwa huɗu, kuma girman akwatin ya yi daidai da yawan mutanen jihar. Sunan malamin Erwin Raisz.

An haife shi a 1893 a ƙasar Hungary, inda ya karanta injiniyanci da zanen gine-gine a birnin Budapest. Ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1923, ya kama aiki a wani kamfanin taswira a New York, sannan ya yi digirin digirgir a jami'ar Columbia.

Abin da ya dame shi shi ne yadda taswirar da aka saba gani ke yaudarar ido. Faɗin jihar Nevada ya ninka na jihar New York, alhali a ƙidayar 1930 mutanen Nevada ba su kai 100,000 ba, na New York kuwa sun haura miliyan 12. A zanen Raisz sai Nevada ta koma ɗan ƙwarya-ƙwaryar akwati, New York ta cika wuri.

Aikin ba wasa ba ne. Dole faɗin kowane akwati ya dace da adadin da yake wakilta, maƙwabta su ci gaba da taɓa juna, jihar arewa kuma kada ta gangaro kudu. Ana gyara wannan, wancan ya goce. Da hannu ya yi duk lissafin, sai a 2004 wasu masana biyu a ƙasar Holan, Marc van Kreveld da Bettina Speckmann, suka tsara matakan da kwamfuta za ta bi ta zana irin wannan taswira.

Wani abin mamaki, mutumin da ya daddaƙe jihohi zuwa akwatuna ya fi shahara da zanen duwatsu da kwaruruka dalla-dalla da alƙalami. Littafinsa na 1938 shi ne na farko da Turanci da ya koyar da fannin zanen taswira gaba ɗaya.

Raisz ya mutu a Bangkok a watan Disambar 1968, yana kan hanyar halartar taron masana labarin ƙasa a birnin New Delhi.