Georgius Agricola (1494–1555): Likitan da Ya Rubuta Ilimin Mahaƙa

An haifi Georg Bauer ranar 24 ga Maris, 1494, a garin Glauchau da ke yankin Saksoni na ƙasar Jamus ta yanzu, a gidan masu sana'ar tufafi. Ma'anar sunan Bauer manomi ne, kuma bisa al'adar masu ilimin zamaninsa ya mayar da shi Latinanci, ya zama Georgius Agricola, sunan da aka san shi da shi har yau. Ya shiga Jami'ar Leipzig a 1514, inda ya karanci Latinanci da Girkanci. A 1518 ya tafi Zwickau ya koyar, ya kuma wallafa ɗan littafin nahawun Latinanci a 1520. Da harshe ya fara, kuma wannan tushe ya bi shi cikin duk abin da ya rubuta daga baya a kan duwatsu da ƙarafa.

A 1522 ya koma Leipzig neman ilimin likitanci, daga nan ya wuce Italiya. A birnin Venis ya yi aiki a maɗaba'ar gidan Aldus, cikin masu tace rubuce-rubucen Galen, likitan Girkawa na da, waɗanda aka buga a 1525. Aikin tacewar ya nuna masa wani giɓi. Likitocin da sun ambaci ma'adinai da yawa da ake haɗa magani da su, amma masu karanta littattafan a ƙarni na 16 ba su san wane dutse ko wane gari kowane suna yake nufi ba. Sunaye sun saura a takarda, abubuwan da suke nufi sun ɓace wa malamai. Waɗanda suke taɓa ma'adinan kullum kuwa, wato mahaƙa da masu narkarwa, suna da nasu sunayen a Jamusanci, kuma yawancinsu ba sa karatu.

Neman haɗa waɗannan ɓangarori biyu na cikin abin da ya kai shi Joachimsthal a 1527, a matsayin likitan gari kuma mai haɗa magunguna. Garin, wanda yau ake kira Jáchymov a Jamhuriyar Cek, bai wuce shekara goma sha ɗaya da kafuwa ba, amma azurfar da aka samu a duwatsunsa ta jawo dubban mutane. Daga sunan kuɗin azurfar da ake bugawa a can, Joachimsthaler, aka gutsuro kalmar taler, wadda ta haifi dalar Amurka, kuma daga wannan zuriyar ne dalar da Hausawan Nijar suke ƙirga kuɗi da ita ta fito. Agricola ya riƙa amfani da lokacin da ba ya duba marasa lafiya wajen zagaya ramuka da wuraren narkarwa, yana tambayar masu aiki. Sakamakon farko shi ne littafin Bermannus na 1530, wanda ya tsara a matsayin hira tsakanin likitoci biyu da wani masanin haƙa, suna tafe cikin mahaƙar suna daidaita abin da ke littafi da abin da ke ƙasa. An buga shi a Basel tare da wasiƙar yabo daga Erasmus, aka kuma rataya masa jerin kalmomin Latinanci da takwarorinsu na Jamusanci.

A farkon shekarun 1530 ya koma Chemnitz, inda ya zauna har ƙarshen rayuwarsa. Hannun jarin da ya saka a haƙar azurfa ya wadata shi, ya samu sukunin rubutu. A 1546 ya fitar da littattafai da dama a haɗe, mafi tasiri a cikinsu shi ne De Natura Fossilium, inda ya rarraba ma'adinai bisa abin da ido da hannu da harshe za su iya tabbatarwa: launi, nauyi, tauri, ƙyalli, ɗanɗano, ƙamshi, da yadda suke narkewa. A wannan shekarar ce kuma aka fara naɗa shi magajin garin Chemnitz, muƙamin da ya riƙe sau huɗu, sannan ya yi wa Moritz, mai mulkin Saksoni, aikin jakadanci a lokacin yaƙin addini na 1546 zuwa 1547.

Babban aikinsa, De Re Metallica, ya ci masa kimanin shekara ashirin. Kashi goma sha biyu ne, sun bi ma'adini tun daga nemansa a dawa har zuwa fitowar tataccen ƙarfe. Akwai bayanin yadda jijiyoyin ma'adini suke kwance cikin dutse, da yadda ake auna rami da iyakokin masu mallaka, da na'urorin da ruwa ko dawaki suke juyawa domin kwashe ruwa daga ƙasan rami ko tura iska cikinsa, da manyan taɓaren da ke daka dutse kafin a wanke shi. Kashi na 7, wanda ya shafi gwajin ma'adini, ya fi nuna irin tunaninsa. Mai gwaji yakan narka ɗan ƙaramin awo na dutsen tare da dalma, ya ɗora a ƙaramin kasko da aka yi da toka, ya hura masa wuta. Dalmar takan haɗu da iska ta shige cikin tokar tare da sauran gurɓatattun ƙarafa, sai ƙwayar azurfa ko zinariya ta saura a sama, a auna ta a sikeli. Da wannan awo ne mai rami zai san ko dutsensa ya cancanci kuɗin itace da gawayi. A kashi na 11 ya bayyana yadda ake raba azurfa da tagulla: a narka tagullar da dalma mai yawa, a yi curi, sannan a ɗumama shi da wuta marar tsanani, yadda dalma za ta tsiyaye ɗauke da azurfar, tagulla ta tsaya daskare.

Wahalar da ya fi fama da ita ta harshe ce. Ya zaɓi rubutu da Latinanci domin malaman Turai duka su karanta, alhali Latinancin Rumawa ba shi da kalmomin mafi yawan kayan aikin da hanyoyin da aka ƙirƙiro bayan shekara dubu. Wani lokaci yakan faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma, wani lokaci ya ƙirƙiri sabuwa ta siffantawa. Jijiyar da ta nutse ƙasa ya kira ta vena profunda, wadda ta shimfiɗu a kwance vena dilatata, wadda ta taru wuri guda vena cumulata. Rumawa sun riga sun kira dalma baƙar dalma, kuza kuma farar dalma, don haka da ya zo kan bismut, ƙarfen da ba su sani ba, sai ya sa masa dalma mai launin toka. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga mai jin Hausa, wanda ya saba da jan ƙarfe da baƙin ƙarfe. Illarta ita ce kalmar da mutum guda ya ƙirƙira ba ta da jama'ar da za ta riƙe ta, kuma Agricola ya san haka. Shi ya sa ya sanya jerin kalmominsa da na Jamusanci a ƙarshen littafin, ya kuma ɗauki masu zane suka yi hotuna kusan 300, aka sa haruffa a kan kowane sashe na na'ura tare da sunansa a ƙasa. Sassaƙa waɗannan hotuna a katako ne ya jinkirta bugun littafin shekaru da yawa bayan an gama rubutun a 1550.

Bai manta cewa shi likita ne ba. A kashi na 6 ya yi bayanin yadda ƙurar busassun ramuka take cin huhu, ya kawo labarin matan yankin duwatsun Karpat da suka auri maza bakwai bi da bi, duk ciwon ƙirji ya kashe su. Ya ba da shawarar rufe fuska da mayafi, da sa safar hannu da dogayen takalma. Sai a 1879 likitoci suka gane cewa ciwon da ke kashe mahaƙan Schneeberg sankarar huhu ce, daga baya kuma aka danganta ta da iskar radon. Daga tarkacen ma'adinin Joachimsthal ɗin ne Marie da Pierre Curie suka gano radiyom a 1898.

Bai kuɓuta gaba ɗaya daga tunanin zamaninsa ba. Ya yi watsi da amfani da reshen itace mai baki biyu wajen gano ma'adini, ya fifita lura da maɓuɓɓugan ruwa da tsakuwar rafi da yanayin tsirrai, ya kuma nuna shakka a kan masu da'awar mayar da ƙarfe zinariya. Amma ya yarda akwai aljanu a cikin ramuka, wasu masu cutarwa wasu masu wasa kawai, har ya ba su wuri a littafinsa na halittun ƙarƙashin ƙasa na 1549. Haka nan ya ɗebi wasu bayanai daga littafin Biringuccio na Italiya, wanda ya riga nasa fitowa a 1540.

Agricola ya rasu ranar 21 ga Nuwamba, 1555, bai ga littafin a buge ba. Ya tsaya a ɗarikar Katolika alhali Chemnitz ta bi tafarkin Luther, saboda haka aka hana binne shi a cocin garin da ya yi wa magaji sau huɗu. Sai aka ɗauki gawarsa zuwa Zeitz, inda abokinsa Bishop Julius von Pflug ya ba shi makwanci. Maɗaba'ar Froben ta Basel ta fitar da De Re Metallica a 1556, fassarar Jamusanci ta biyo a 1557, ta Italiyanci a 1563, kuma littafin ya zama madogara a fagen kusan shekara 180. Ingilishi kuwa ya daɗe yana jira, domin masana Latinanci ba su san haƙa ba, masana haƙa kuma sun kasa warware ƙirƙirarrun kalmominsa. Injiniyan ma'adinai Herbert Hoover da matarsa Lou Henry Hoover, wadda ta karanci ilimin duwatsu kuma ta iya Latinanci, su ne suka shafe kimanin shekara biyar a kansa, har da sake gwada wasu hanyoyin a ɗakin gwaji domin gane abin da wata kalma take nufi. An buga fassarar tasu a Landan a 1912, shekara 17 kafin Hoover ya zama shugaban Amurka.