Arthur Ashe: Zakaran tanis da ya ci gasar dala 14,000 ya koma gida da 280

A watan Oktoban 2024, 'yan wasan tanis shida suka hallara a birnin Riyadh na Saudiyya domin wani wasan baje-koli na 'yan kwanaki. An ba kowannensu dala miliyan ɗaya da rabi don halarta kawai, Jannik Sinner na Italiya da ya yi nasara kuma ya tafi da dala miliyan shida. Wasan bai ƙara wa kowa maki a jerin gwanayen duniya ba. Muhawarar da ta biyo baya, kan ko akwai kuɗin da bai kamata ɗan wasa ya karɓa ba, ta girmi duk 'yan wasan nan shida. Mutumin da ya fi kowa shan fama da ita shi ne Arthur Ashe, wanda ya rasu a 1993.

An haifi Arthur Robert Ashe ranar 10 ga Yulin 1943 a Richmond, jihar Virginia ta Amurka, a zamanin da doka ta raba baƙi da farare a makaranta da mota da filin wasa. Mahaifinsa ne mai kula da Brook Field, wurin wasan da aka ware wa baƙar fata, gidansu kuma a cikin filin yake. Mahaifiyarsa ta rasu a 1950 yana ɗan shekara shida. Yaron siriri ne, don haka uban ya hana shi ƙwallon Amurka mai ture-ture, sai ya koma ga filin tanis da ke ƙofar gida, inda wani matashi mai suna Ron Charity ya fara koya masa.

Yana ɗan shekara goma aka kai shi wurin Dakta Robert Walter Johnson a Lynchburg, likitan da ya taimaka wa Althea Gibson tun kafin shi. Johnson ya san cewa yaron baƙar fata da ya ɗaga murya a gasar farare ya ba su hujjar korarsa. Saboda haka ya hore wa yaransa cewa duk ƙwallon da ta faɗi kusa da layi a bar wa abokin hamayya, kuma kada a yi jayayya da alƙalin wasa. Natsuwar da aka san Ashe da ita daga nan ta samo asali, kuma tarbiyya ce ta tilas, wadda ya riƙa haɗiye fushi a kanta tsawon rayuwarsa. Ya samu gurbin karatu a jami'ar UCLA, ya zama baƙar fata na farko a tawagar Amurka ta Kofin Davis a 1963, sannan ya shiga soja bayan kammala digiri a 1966.

Tanis na lokacin gida biyu ne. Manyan gasanni irin su Wimbledon na masu buga wasa don sha'awa ne, waɗanda a hukumance ba a biyan su ko sisi, ko da yake kowa ya san ana miƙa musu ta bayan fage. Wanda ya fito fili ya karɓi kuɗi kuwa, an rufe masa ƙofar waɗannan gasanni. Abin da ya rage masa shi ne yawon baje-koli: mutum biyu ko huɗu su riƙa bin gari gari, suna shimfiɗa filinsu na tamfal a ɗakunan taro, suna karawa da juna dare bayan dare. Haka Bill Tilden da Jack Kramer da Pancho Gonzales suka ci abinci. Rod Laver, gwanin zamaninsa, ya shekara biyar ba ya taka Wimbledon saboda wannan doka.

A 1968 aka rushe katangar. A watan Satumba na shekarar aka yi gasar US Open ta farko da kowa zai iya shiga, Ashe kuma ya doke Tom Okker na Holan a zubi biyar. Kyautar zakara dala 14,000 ce. Amma Ashe laftanar ne a soja, kuma yana son ci gaba da buga wa ƙasarsa Kofin Davis, wanda a lokacin ba ya karɓar 'yan kuɗi. Sai aka miƙa wa Okker da ya sha kaye kuɗin, shi kuwa zakaran ya karɓi alawus ɗinsa na dala 20 a kullum, jimilla 280.

Kuskure ne a ɗauke shi mai ƙyamar kuɗi. Ashe ya karanta harkar kasuwanci, kuma ya yi imani cewa wanda ya tara 'yan kallo shi ya fi cancanta da kaso mai tsoka. Bayan ya bar soja kuma ya ci gasar Ostareliya a 1970, ya sa hannu a kwantiragi da kamfanin WCT na attajirin man fetur Lamar Hunt. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar 'yan wasa ta ATP a 1972, ya shiga ƙaurace wa Wimbledon da 'yan wasa 81 suka yi a 1973, ya kuma zama shugaban ƙungiyar a 1974. Abin da ya dame shi shi ne wanda ke biyan kuɗin, da abin da yake saye da su.

Afirka ta Kudu ce ta fara gwada shi. Gwamnatin wariyar launin fata ta hana shi biza sau da dama, ya kuma yi amfani da hanin wajen neman a kori ƙasar daga Kofin Davis, aka kore ta a 1970. Da aka ba shi izini a 1973, ya gindaya sharaɗin cewa ba za a raba wurin zaman 'yan kallo bisa launi ba. Ya kai wasan ƙarshe a Johannesburg, Jimmy Connors ya doke shi, amma ya ci kofin 'yan bibbiyu tare da Okker. Yaran Soweto sun yi tururuwa don ganinsa. Wasu 'yan gwagwarmaya kuwa sun faɗa masa a fuska cewa zuwansa ya wanke gwamnatin ne a idon duniya. Ya daɗe yana kare kansa, amma daga bisani ya sauya ra'ayi ya koma goyon bayan ƙauracewa baki ɗaya. Ba kowane shahararre ne ke iya amsa cewa masu sukarsa sun fi shi gaskiya ba.

Connors ɗin nan ne ya zama kishiyarsa a kan batun baje-koli. A 1975 manajansa Bill Riordan ya shirya masa wasanni na mutum biyu a otal ɗin caca na Caesars Palace da ke Las Vegas, da Laver a Fabrairu, da John Newcombe a Afrilu. An tallata jerin wasannin a talabijin da cewa mai nasara ne zai kwashe duka, daga baya ta bayyana cewa akwai kuɗin da aka lamunce wa 'yan wasan ko sun ci ko sun faɗi, har hukumomin Amurka suka binciki tashar CBS. A daidai wannan lokaci Connors ya ƙi buga wa Amurka Kofin Davis. Ashe ya soke shi da rashin kishin ƙasa, Connors ya maka shi kotu yana neman diyyar miliyoyin daloli.

Ƙarar tana gaban kotu suka haɗu a wasan ƙarshe na Wimbledon, ranar 5 ga Yulin 1975. Connors ɗan shekara 22 ne, mai riƙe da kofin, kuma bai rasa zubi ko ɗaya ba a gasar. Ashe yana gab da cika 32. Ya shigo filin sanye da rigar tawagar Kofin Davis mai ɗauke da sunan Amurka, saƙon da ba ya buƙatar fassara. Ya san Connors da ƙarfin abokin karawa yake ciyar da bugunsa, sai ya hana shi ƙarfin: ya riƙa ba shi ƙwallo mai laushi, ƙasa-ƙasa, yana jan shi gefe, yana ɗaga masa ita sama idan ya matso raga. Aka tashi 6–1, 6–1, 5–7, 6–4. Ba da jimawa ba aka janye ƙarar. Har yau shi kaɗai ne namiji baƙar fata da ya ci Wimbledon.

Wata bakwai bayan haka, kuɗin WCT suka kawo shi Legas. Ba baƙo ba ne a nahiyar: ya zo Najeriya da Gana a 1970 tare da Stan Smith, a 1971 kuma a Yawunde ya ga wani yaro ɗan shekara 11 mai suna Yannick Noah, ya sa hukumar tanis ta Faransa ta ɗauki nauyinsa, yaron da ya ci gasar Faransa a 1983. Najeriya ta 1976 tana cikin daular man fetur, tana son duniya ta gan ta. Ana tsakiyar gasar, ranar Juma'a 13 ga Fabrairu, aka kashe Janar Murtala Muhammed a yunƙurin juyin mulkin Laftanar Kanar Dimka, aka rufe iyakoki da filayen jirgin sama. Masu shirya gasar suka ci gaba da ita duk da haka. Ranar Litinin, Ashe yana karawa da Jeff Borowiak a wasan kusa da na ƙarshe a Lagos Lawn Tennis Club, sojoji suka kutso filin cikin fushin cewa ana wasa ƙasa na makoki. Ɗaya ya ɗora wa Ashe bakin bindiga a baya ya fitar da shi hannu a sama, 'yan kallo suka watse. Pele na Brazil ma rikicin ya rutsa da shi a Legas a makon. A Karakas ta Venezuela aka ƙarasa gasar daga baya, Dick Stockton ya doke Ashe a wasan ƙarshe.

Bugun zuciya ya same shi a Yulin 1979, aka yi masa tiyata, ya yi ritaya a 1980. A shekarar ne aka yi wa John McEnroe tayin maƙudan kuɗi don ya kara da Bjorn Borg a Sun City, wurin shaƙatawar da aka gina a Bophuthatswana a zamanin mulkin wariya. Ashe yana cikin waɗanda suka ba da shawarar a ƙi, McEnroe kuma ya ƙi. Su biyun, mai sanyi da mai zafin kai, suka ci wa Amurka Kofin Davis a 1981 da 1982, Ashe yana kyaftin. A 1983 ya haɗu da mawaƙi Harry Belafonte suka jagoranci ƙungiyar 'yan wasa da masu fasaha masu ƙaurace wa Afirka ta Kudu, a Janairun 1985 kuma aka kama shi yana zanga-zanga a ƙofar ofishin jakadancinta a Washington.

A tiyatar zuciya ta biyu, a 1983, aka ƙara masa jinin da likitocinsa suka yi imani yana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Ya gano a 1988, shekarar da ya wallafa tarihin 'yan wasa baƙar fata na Amurka a juzu'i uku. Shi da matarsa Jeanne suka rufe maganar saboda ƙaramar 'yarsu, har Afrilun 1992 da jaridar USA Today ta samu labarin, ya ga gara ya faɗa da bakinsa. Watanni goman da suka rage masa ya yi su yana tara kuɗin yaƙi da cutar, ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya, aka sake kama shi a gaban fadar White House kan yadda ake mayar da 'yan gudun hijirar Haiti.

Ya rasu a New York ranar 6 ga Fabrairun 1993, yana da shekara 49. An ajiye gawarsa a gidan gwamna a Richmond, garin da ya taɓa hana shi filayen farare, dubban mutane suka yi layi. A 1997 aka buɗe babban filin US Open da sunansa, kuma a cikinsa aka miƙa wa Sinner cakin dala miliyan 3.6 a Satumban 2024, makonni kaɗan kafin ya tafi Riyadh.