Bertha Benz: Matar da ta kai wa baduku gyaran birkin mota a 1888

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Dambatta ko Bichi a ranar kasuwa ya san tsofaffin motocin da ke jigilar gero da dawa da gyaɗa daga ƙauyuka: akori-kurar da ta girmi direbanta, da manyan Marsandi 911 masu bodin katako. Lodin da ake jibga musu, wurare biyu ya fi ci, giya da birki. Mota ta tashi lafiya ƙalau, amma ta kasa fita daga yashi, ko kuma ta ƙi tsayawa a inda aka so ta tsaya.

Waɗannan matsaloli biyu sun girmi kowace mota da ke kan titi a yau. Tun a tafiyar nesa ta farko da aka yi da mota mai amfani da mai suka bayyana, kuma wadda ke riƙe da motar a ranar mace ce mai shekara 39, Bertha Benz, matar mutumin da sunansa ke jikin Marsandi.

An haifi Bertha Ringer ranar 3 ga Mayun 1849 a garin Pforzheim da ke kudu maso yammacin Jamus. Mahaifinta kafinta ne kuma magini mai rufin asiri. Ta haɗu da wani matashin injiniya, Karl Benz, mai kai amma ba kuɗi, wanda ya buɗe ƙaramar maƙera a birnin Mannheim tare da wani abokin kasuwanci, August Ritter. Haɗin bai yi albarka ba, sana'ar ta kama hanyar rushewa.

A al'adar Turawan wancan zamani, iyaye kan ware wa 'ya mace dukiyar da za ta tafi da ita gidan miji, kusan kamar yadda ake yi wa amarya kayan ɗaki da gara a ƙasar Hausa. Bertha ta karɓi nata tun ba a ɗaura aure ba, ta zuba a maƙerar, aka sallami Ritter. Ranar 20 ga Yulin 1872 suka yi aure. Dokar lokacin ba ta bai wa matar aure damar tsayawa da sunanta a matsayin mai jari ba, don haka kuɗinta ya shiga, sunanta bai shiga takarda ba.

Shekarun da suka biyo baya na bashi ne da haƙuri. Sai a ƙarshen 1879 injin Karl na farko ya tashi. A 1883 aka kafa kamfanin Benz & Cie., sannan ranar 29 ga Janairun 1886 ya shigar da takardar mallakar fasahar wata mota mai ƙafa uku. Wannan takarda, mai lamba 37435, ita ake ɗauka a matsayin takardar haihuwar mota.

Sai dai masu saye ba su zo ba. Mutane na kallon abin a matsayin wasan mai kuɗi, mai ƙara da wari, mai firgita dawaki. Shi kuma Karl mutum ne mai jan ƙafa, kullum yana ganin da sauran gyara. Gwajin da yake yi bai wuce gajerun zagaye a kusa da gida ba.

A farkon Agustan 1888, lokacin da Sarki Muhammadu Bello ke kan gadon sarautar Kano, shekara 23 kafin jirgin ƙasa ya iso birnin, Bertha ta tashi da asuba ita da 'ya'yanta biyu, Eugen mai shekara 15 da Richard mai 13. Suka turo motar waje a hankali don kada ƙarar inji ta tashi maigida. Ta bar masa 'yar takarda cewa sun tafi wurin mahaifiyarta a Pforzheim. Tafiyar kusan kilomita 106 ce, wato ta zarce nisan Kano zuwa Kazaure, a kan hanyoyin da aka yi domin keken doki.

Motar samfuri na uku ce. Silinda ɗaya gare ta, ƙarfinta kusan na doki biyu, gudunta bai wuce kilomita 16 a awa ba. Ba sitiyari, sai wani ƙarfe da ake juya ƙafar gaba da shi. Ba tankin mai, abin da kafireta ta ɗauka shi ke nan, wajen lita huɗu da rabi. Ruwan sanyaya inji kuwa tururi yake zama ya tashi, saboda haka duk inda suka ga rijiya ko rafi sai sun tsaya.

Gidan mai babu shi a duniya a lokacin. A garin Wiesloch ta shiga kantin magani ta sayi wani mai da ake kira ligroin, wanda mata ke cire tabon tufafi da shi, ta ɗura wa motar. Kantin yana nan har yau, ana kiransa gidan mai na farko a duniya. Da bututun mai ya toshe, ta zare allurar da ke riƙe da hularta ta zuƙe shi. Da wayar wuta ta kware, ta naɗe ta da robar ɗaure safarta. Da kacar da ke juya ƙafafun baya ta ba da matsala, maƙeri aka nema ya gyara.

Duk waɗannan dabarun hanya ne, irin waɗanda kowane yaron mota ya iya. Manyan darussan biyu a tudu da gangare suke.

Yankin Pforzheim yana bakin dajin Black Forest ne, ƙasa mai hawa da sauka. Motar giya biyu kacal gare ta, kuma ko ƙaramar ba ta da ƙarfin jan mutum uku zuwa saman tudu. Sai an sauka an tura. Aikin ƙaramar giya shi ne ta rage gudu ta ƙara ƙarfi: inji ya juya sau da yawa, ƙafa ta juya sau ɗaya. Direban da ya sa lamba ɗaya don fita daga yashin rafi da buhu talatin a baya, wannan lissafin yake amfani da shi. Da Bertha ta koma gida ta nuna wa mijinta cewa motar tana buƙatar ƙarin giya ta hawan tudu, aka kuwa ƙara.

Gangare ya fi tudu haɗari. Birkin motar guntayen katako ne da ake ja da hannu su danne ƙafafun baya. Katako idan ya sha guga da zafi sai ya cinye, ya yi sulɓi, ya daina kamawa. A kan hanyarta ta komawa, a ƙauyen Bauschlott, Bertha ta tsaya wurin wani baduku ta sa ya buga wa katakon fata da ƙusa. Fata ta fi kamawa, kuma idan ta cinye sai a ɓare a sa wata, katakon yana nan.

Ana yawan cewa ita ta ƙirƙiro abin da ake liƙa wa birki ya riƙa gugar ƙafa. Maganar ta ɗan yi nauyi, domin gyaran gaggawa ta yi, ba masana'anta ta kafa ba. Baturen Ingila Herbert Frood ne ya mayar da abin sana'a daga 1897, da kamfanin da ya zama Ferodo. Amma tunanin nata ne ya tabbata: a sa wani abu mai araha tsakanin birki da ƙafa, wanda shi zai cinye a madadin sauran. Louis Renault ya fito da birkin ganga a 1902, daga baya aka samu birki mai aiki da mai, sannan na faifai ya bazu daga shekarun 1950. Kowannensu yana da wannan ɓangare mai cinyewa. Shi ne abin da bakanike ke aika yaro ya sayo a kasuwar Ƙofar Ruwa idan mota ta fara ƙara a wurin tsayawa. Masu tara tsofaffin motoci a Turai da Amurka ma, idan suka tashi farfaɗo da su, sukan kwance giyabos su sake masa haƙora, su cire birkin ganga su sa na faifai.

Bertha ta isa Pforzheim bayan faɗuwar rana, ta buga wa mijinta waya irin ta tangaraho cewa sun sauka lafiya. Bayan 'yan kwanaki ta koma Mannheim ta wata hanyar. Labarin ya bazu, domin mutanen ƙauyukan da ta ratsa sun gani da idonsu. A watan Satumba na wannan shekara motar ta samu lambar zinariya a wani baje koli a Munich, kuma wani ɗan kasuwa, Emile Roger, ya riƙa sayar da ita a Faransa. A 1899 kamfanin ya ƙera mota 572, ya zama mafi girma a duniya a wannan fanni.

'Ya'ya biyar ta haifa, maza biyu da mata uku: Clara da Thilde da Ellen. Iyalin sun koma garin Ladenburg, inda a 1906 Karl ya kafa wani kamfani da 'ya'yansa. A 1926 Benz & Cie. ya haɗe da kamfanin Daimler, aka samu sunan Mercedes-Benz. Abin lura, sunan macen da ke jikin motar ba na Bertha ba ne. Mercedes 'yar wani dillalin motocin Daimler ce, Emil Jellinek, kuma sunanta ne bakin Bahaushe ya mayar Marsandi.

Karl ya rasu ranar 4 ga Afrilun 1929. Bertha ta yi shekara 15 bayansa a gidansu na Ladenburg. Ranar da ta cika 95, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, jami'ar fasaha ta Karlsruhe, inda mijinta ya yi karatu, ta ba ta muƙamin girmamawa. Kwana biyu bayan haka, ranar 5 ga Mayun 1944, ta rasu.

A 2008 aka amince da hanyar da ta bi a matsayin hanyar tarihi mai ɗauke da sunanta, kilomita 194 zuwa da dawowa. A 2016 aka sa ta cikin jerin fitattun masana'antar mota a Amurka, shekara 32 bayan an sa mijinta. Masu tsofaffin motoci kan taru su bi hanyar daga Mannheim, su tsaya a ƙofar kantin maganin Wiesloch, a dawowa kuma su ratsa ta Bauschlott.